Waliyyin da Ya Kulle Dukiyar Maraya Shi Ma Yana da Tambaya

Idan aka ambaci dukiyar maraya a garuruwanmu, wanda ke fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne azzalumin baffa da ya sayar da gonar gado ya ƙara aure, ko ya karɓi giratutin ƙanensa ya biya kujerar Makka, ya bar 'ya'yan mamacin suna yawo da tsumma. Wannan mutum yana nan, kuma malamai ba su bar shi ya huta ba, domin da wuya azumi ya wuce ba a karanto masa aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ba, wadda ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikkunansu. Amma akwai mutum na biyu da ba a cika yi masa wa'azi ba, saboda a idon jama'a shi ne mai tsoron Allah. Shi ne waliyyin da aka danƙa wa kason yara bayan rabon gado, ya kai banki ya ajiye, ya rantse ba zai taɓa ko kwabo ba sai sun girma. Ranar da uwar yaran ta zo ta durƙusa ta ce, "Yaya, an koro su daga makaranta," sai ya girgiza kai ya ce mata kuɗin maraya wuta ne, shi ba zai sa hannu ba, ya ciro ɗan abin da ya sawwaƙa daga aljihunsa ya ba ta, ya bi ta da addu'a. A ganina wannan mutum, duk da kyakkyawar niyyarsa, bai sauke amanar da aka ɗora masa ba, kuma ɓarnar da yake yi wa yaron tana iya kusantar ta wanda ya cinye.

Tsoron da yake ji ba sabo ba ne. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa lokacin da ayoyin gargaɗi game da dukiyar maraya suka sauka, sahabban da ke riƙe da marayu sun ware abincinsu daga na marayun, har ya zama idan maraya ya rage abinci sai a ajiye masa, ko ya ci ko ya lalace, babu mai taɓawa. Abin ya yi musu nauyi, suka kai kuka, sai aya ta 220 ta Suratul Baƙara ta sauka tana cewa kyautata musu shi ne alheri, idan kuka cuɗanya da su to 'yan'uwanku ne, kuma Allah Ya san mai ɓatawa daga mai gyarawa. Abin lura shi ne, da tsoro ya kai mutane ga barin abincin maraya yana ruɓewa, umarnin da ya zo bai yaba wa ruɓewar ba. Gyara aka nema daga gare su. Kuɗin da ke kwance a asusun ajiya shekara goma, yaro yana zaune a gida babu makaranta, ɗan'uwan wancan tuwon ne da ya kwana ya yi tsami.

Mu dubi lissafin da idon basira. A ƙarshen watan Mayun 2023 ana canjin dalar Amurka a farashin gwamnati kan kusan naira 460, amma kafin watan Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura naira 1,500. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bayyana hauhawar farashi ta watan Disambar 2024 a kan kashi 34.8 cikin 100. A ɗauka waliyyi ya ajiye wa maraya naira miliyan 2 a farkon wannan lokaci. Da farko kuɗin sun haura dala 4,000, bayan wata tara kuwa ba su kai dala 1,400 ba, alhali bai ci ba, bai ranta wa kowa ba, kuma takardar banki za ta shaide shi cewa adadin yana nan cif. Ga kuma zakka, domin a mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, ana fitar da zakka daga dukiyar yaro idan ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Kashi 2.5 cikin 100 a kowace shekara, idan aka yi shekara 15 ana cira ba tare da ƙari ba, yana tafiya da kusan sulusin dukiyar, muddin ba ta sauka ƙasa da nisabi ba. Saboda haka ne aka ruwaito a Muwaɗɗa, littafin Imamu Malik, cewa Sayyidina Umar ya ce a yi kasuwanci da dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta, kuma Nana A'isha ta kasance tana ba wa 'yan kasuwa dukiyar marayun da ke hannunta su juya musu, tana kuma fitar mata da zakka. Su a zamaninsu da zinariya da azurfa suke ajiya, amma duk da haka ba su yarda da kwantar da dukiya ba, balle mu da muke ajiye takarda mai narkewa kamar ƙanƙara a hantsi.

Sai dai asarar darajar kuɗi ita ce ƙarama a cikin asarori biyu. Babbar ita ce ƙuruciya, wadda ba a ajiye ta a dawo a ɗauka. Yaron da bai samu abinci mai gina jiki ba a shekarunsa na farko, babu wani kuɗi da za a miƙa masa yana da shekara 18 da zai mayar masa da abin da jikinsa da ƙwaƙwalwarsa suka rasa. Yarinyar da aka cire daga aji uku na ƙaramar sakandare saboda rashin kuɗin littattafai da na mota, ba za ta koma ajin nan ba ranar da aka kira shaidu aka ƙirga mata kasonta. Mai ciwon sikila da aka yi ta jinkirin kai shi asibiti domin kada a taɓa kuɗinsa, wataƙila ma ba zai kai ranar karɓar ba, sai dai a sake zaman rabon gado a kan abin da aka hana shi. Na sha ganin samari da aka danƙa musu gadonsu cikakke ba tare da ilimi ko sana'a ba, kafin shekara ta zagayo an sayi babur da babbar waya, abokai sun taru sun watse, kuma mutane suka ce yaron ne ba shi da albarka. Ba a tambayi wanda ya riƙe kuɗin shekara da shekaru dalilin da ya sa bai sayo wa yaron hankalin riƙe su da wani ɓangare nasu ba.

Mutane da yawa suna zaton ciyar da maraya daga dukiyarsa wata rangwame ce da ake yi idan an rasa yadda za a yi. Hukuncin ya fi haka ƙarfi. Aya ta 5 ta Suratun Nisa'i, wadda ta hana a miƙa dukiya ga waɗanda ba su iya sarrafa ta ba, ita ce kuma ta yi umarni da a ciyar da su a tufatar da su a cikinta, har wasu malaman tafsiri suka lura cewa an ce "a cikinta" ne domin a juya dukiyar, ciyarwar ta riƙa fitowa daga riba. A Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukanmu tun zamanin kakanni, an bayyana cewa ciyarwa tana wajaba a kan mutum ga matarsa, da iyayensa matalauta, da ƙananan 'ya'yansa waɗanda ba su da dukiya, kuma babu wajibin ciyarwa ga sauran dangi. Ma'anar wannan ita ce, baffa ko kawu ko yaya da ke ciyar da maraya alheri yake yi da zumunci, kotu ba za ta tilasta masa ba, uwa ma ba a ɗora mata ba. Idan yaro yana da dukiya, a cikinta haƙƙin cinsa da suturarsa da karatunsa da maganinsa yake. Wanda ya kulle ta ya mayar da mai abin kansa almajirin dangi, yana jiran ranar da wani zai tuna da shi.

Tsarin riƙo a wajenmu yana ƙara dagula al'amarin, domin sau da yawa yaro yana wuri ɗaya, kuɗinsa suna wani wurin. Reno yana hannun uwa, idan kuma ta yi aure a wani gida yakan koma wajen kakar wajen uwa, dukiya kuwa tana hannun dangin uba. Mai ganin yunwar yaron da dare ba ta da ikon cire sisi, mai ikon cirewa kuma yana ganin yaron ne ranar Sallah, an yi masa wanka an sa masa sabuwar riga. A tsakanin nan zargi yake shiga. Dangin uba suna tsoron kada kuɗin ɗansu su ƙare a tukunyar wani mijin da 'ya'yansa, uwa kuma tana ganin wulaƙanci ne a ce duk lokacin da takalmi ya tsinke sai ta yi sallama a ƙofar wani ta yi bayani. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Maganin da na fi gamsuwa da shi shi ne a yanka wa yaro wani adadi sananne na wata-wata tun ranar rabo, a gaban alƙalin da ya raba gadon, a rubuta, a riƙa tura wa mai renon ba tare da roƙo ba, sannan a sake duba adadin kowace shekara gwargwadon tsadar kasuwa. Manyan buƙatu irin kuɗin zangon karatu, da rajistar jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB, da kuɗin aikin asibiti, waliyyi ya biya su kai tsaye inda ake bin su, ya karɓi rasit.

Turawan Ingila, waɗanda tsarinsu na amana ya yi tasiri a kan dokokin Najeriya, sun yi wannan muhawara sun kai ga matsaya mai kama da tamu. Dokar amintattu ta 1925 ta ba mai riƙon amana ikon kashe ribar dukiyar ƙaramin yaro a kan ɗawainiyarsa da iliminsa da amfaninsa, ya tara abin da ya rage, ta kuma ba shi ikon taɓa uwar kuɗin domin ciyar da yaron gaba. Da farko an taƙaita wannan iko ga rabin kason yaron, amma a 2014 aka ɗage iyakar zuwa dukan kason. Akwai kuma wani tsari nasu na daban da mutane kan kafa hujja da shi wajen kullewa, wato asusun da gwamnatin Birtaniya ta buɗe wa yaran da aka haifa daga watan Satumbar 2002 zuwa farkon Janairun 2011, inda ta zuba wa mafi yawansu fam 250 na somin-taɓi, aka kuma hana taɓawa sai yaro ya cika shekara 18. Wannan ya yiwu ne saboda a can makarantar gwamnati kyauta ce, asibiti ma haka, kuma kuɗin kyauta ce a kan abin da yaro yake da shi. Marayan Gusau ko na Maraɗi da gadonsa shi ne abincinsa ba ya cikin wannan hali.

Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai nauyi. Idan aka buɗe ƙofar kashewa, ta nan ɓarawo zai shiga, domin babu wanda ya taɓa cin dukiyar maraya ya kira abin da sunansa. Kullum da sunan hidimar yara ake yi. A gyara rufin gidan da baffa yake ciki a ce ai yaran suna zuwa hutu, a sayi mota a ce ta kai su makaranta ce, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in daga dukiyar da ba a raba ba, a yanka sa a ciyar da gari, alhali kason jariri yana ciki kuma waliyyi ba shi da ikon yin kyauta ko sadaka da abin da ba nasa ba. Akwai kuma wanda zai zuba kuɗin a kasuwancinsa, idan an ci riba tasa ce, idan an faɗi sai ya ce ƙaddara ta hau dukiyar marayu. Duk wannan yana faruwa. Amma abin da ke hana shi shi ne lissafi da shaida, kuma shari'a ta riga ta tanade su. Risala ta ce waliyyin marayu shi ke da nauyin kawo hujja cewa ya ciyar da su ko ya miƙa musu dukiyarsu, sai dai idan suna hannunsa, to a nan ana gaskata shi a kan ciyarwar da ta yi kama da gaskiya. Ta kuma ce wasiyyi, wato wanda uba ya bar wa wasiyyar riƙon 'ya'yansa da dukiyarsu, idan ba amintacce ba ne ana tsige shi. Gidaje da gonaki kuwa malaman mazhaba sun tsananta a kansu, ba a sayar da na maraya sai da buƙata ta gaske ko wata riba bayyananniya. Abin da ya rage mana shi ne aiki da waɗannan hukunce-hukunce, domin a mafi yawan lokuta da zarar an gama rabo an rubuta sunan wanda ya karɓi kason yara, shi ke nan fayil ya rufe, babu wanda zai sake kiransa sai idan rigima ta tashi bayan shekara goma, lokacin da shaidu suka mutu kuma takardu suka ɓace.

Da a ce kotunan shari'a za su mayar da shi ƙa'ida cewa duk wanda ya karɓi kason ƙaramin yaro zai dawo sau ɗaya a shekara da littafin shiga da fita da takardar banki, a gaban mai renon yaron, da an rage ɓarna iri biyun a lokaci guda. Mai niyyar ci zai san akwai ranar tambaya. Mai tsoron Allah kuma zai samu abin da ya fi buƙata, wato izinin alƙali da zai kare shi daga bakin dangi da waswasin zuciyarsa, domin da yawa daga masu kullewa ba rowa ke damunsu ba, gudun zargi ne. Littafin ba sai ya zama wani abin a zo a gani ba. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa, a rubuta kwanan wata da abin da aka saya da nawa aka biya, a manna rasit. Asusun ma ya kasance da sunan yaron, kada a haɗa shi da na waliyyi ko da kwana ɗaya, kuma ya fi kyau a ce sai mutum biyu sun sa hannu kafin a cire, ɗaya daga dangin uba, ɗaya daga ɓangaren uwa.

Batun juya dukiyar ma ya fi sauƙi a yau fiye da shekaru ashirin da suka wuce. A da waliyyi mai gudun riba ta haram ba shi da zaɓi sai kiwo, ko sayen fili, ko ba wa ɗan kasuwa jari a raba riba, kuma kowanne yana da hatsarinsa, musamman kiwo a yankunan da satar shanu ta addaba. Yanzu akwai bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, tun daga Jaiz da ya fara aiki a 2012, zuwa TAJ a 2019 da Lotus a 2021. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, a watan Satumbar 2017, na naira biliyan 100 na tsawon shekara bakwai, da kuɗin haya na kashi 16.47 cikin 100 a shekara, ana biya duk wata shida, kuma ta ci gaba da fitar da wasu bayansa. Irin wannan biya na lokaci-lokaci ya dace da buƙatar yaro, domin yana iya ɗaukar kuɗin makaranta ba tare da an taɓa uwar kuɗi ba. Gaskiya ne a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 wannan riba ba ta rufe giɓin, saboda haka idan dukiyar tana da yawa hikima ita ce a raba ƙafa, wani ɓangare a shago ko gidan haya, wani a abin da za a iya cirewa da gaggawa ranar rashin lafiya. Akwai kuma kamfanonin riƙon amana masu rajista da hukumar kula da kasuwar hannun jari, waɗanda ke karɓar irin wannan aiki su riƙa biyan kuɗin karatu kai tsaye, sai dai suna cajin ladan aiki, kuma sun fi dacewa da dukiya mai kauri. Ma'aikatan da ke ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 ya kamata su yi wannan tunani tun suna raye, domin dokar ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, kuma idan aka haɗa wannan da abin da ke asusun fansho, kuɗi ne masu yawa da za su faɗa hannun wani a dunƙule. Naɗa wasiyyi a rubuce, da bayyana masa cewa ana so a kashe wa yara a kan karatu da lafiya, yana sauke masa rabin nauyin.

To, idan dukiyar kaɗan ce fa, har ana ganin ciyarwa za ta ƙarar da ita kafin yaro ya balaga? A nan ne hukuncin waliyyi yake da wuya, kuma ban ga laifin wanda ya yi tsimi ba. Idan dangi masu hali suka ɗauki cin yaro da suturarsa don Allah, suka bar kasonsa domin karatu da jari, wannan shi ne mafi kyau, kuma lada ce babba. Amma idan babu mai ɗauka, zaɓin da ke gaban waliyyi shi ne tsakanin saurayi mai lafiya da takardar shaida da sana'a wanda gadonsa ya ƙare a kansa, da saurayi mai kuɗi a banki wanda bai iya rubuta sunansa ba. Ni na farko zan zaɓa, kuma ina ganin uban yaron da zai dawo shi zai zaɓa. A game da 'ya'ya mata akwai wata al'ada da ta kamata a sake dubawa, wato a killace kason yarinya gaba ɗaya domin kayan ɗaki da gara, a hana ta kuɗin makaranta da sunan ana tara mata. Gado da kujeru da tukwane sukan tsufa cikin shekara biyar, wasu ma a sayar da su ranar da auren ya samu matsala, kuma gara dai dangin miji ne ke cinye ta. Dukiyarta ce, ba ta fita kunyar dangi ba.

Saura ranar miƙawa. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ɗauki shekara 18 a matsayin ƙarshen ƙuruciya, amma aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta haɗa balaga da wani sharaɗi, wato a ga shiriya da iya riƙe dukiya, kuma ta yi umarni da a jarraba marayu kafin lokacin. Jarrabawar nan aiki ce ta shekaru, ita ma tana cin kuɗi. A ba ɗan shekara 15 ɗan ƙaramin jari daga kasonsa ya saya ya sayar a ga yadda zai yi, a bar yarinya ta riƙe kuɗin cefanen wata ta kawo lissafi, a zaunar da su a buɗe musu littafin shiga da fita su ga abin da ubansu ya bari da inda kowace naira ta tafi. Idan aka yi asarar ɗan jarin, an yi ta a kan abu kaɗan kuma a gaban mai gyarawa. Ayar ta kuma ce waliyyi mawadaci ya kame, matalauci ya ci gwargwadon abin da aka sani na adalci, sannan idan an zo miƙawa a kafa shaidu. A ranar nan waliyyi zai ajiye abu biyu a gaban shaidun, ragowar dukiyar da littafin, yaron kuma ya karanta da kansa kafin ya sa hannu.